Tambayoyinku Kan Fasaha: Kayan Haɗa Waƙa a Gida

Tambaya: Ina da kwamfutar tafi-da-gidanka mai Windows, ram ɗinta gigabait 8, kuma ina son in fara haɗa kiɗa. Wace manhaja ce ta fi tsakanin FL Studio, Ableton Live da Logic Pro?

Amsa: Malam, cire Logic Pro daga lissafi, domin a kan na'urorin Apple kaɗai take aiki. Idan shirya kiɗa ne gabanka, FL Studio ta dace, amma ka sani cewa mafi ƙanƙantar nau'inta, wato Fruity, ba ya ɗaukar murya kai tsaye, sai ka hau zuwa Producer. Ni dai wata manhajar mai suna Reaper nake ba masu farawa shawarar su gwada, saboda ba ta yi wa kwamfuta nauyi, kuma ana ba da kwana 60 na gwaji kyauta. Gigabait 8 zai ishe ka farawa muddin faifan ajiyarka SSD ne, wato nau'in faifai mai sauri. Zaɓi ɗaya ka zauna a kanta har hannunka ya faɗa.

Tambaya: Na sayi makirfo kwandensa mai tsada, amma duk lokacin da na ɗauki murya sai in ji ta tana amsa-kuwwa, ga kuma ƙarar fanka. Na manna kiret-kiret na ƙwai a bango, ba abin da ya sauya. Wane makirfo ya fi wannan in saya?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka sayi ko ɗaya. Wannan tambaya ita ce ta fi damuna a duk saƙonnin da ke zuwa wannan fili, domin kusan kullum mai aiko ta ya riga ya zuba duk abin da ya tara a kan makirfo, bai kashe ko sisi a kan ɗakin da makirfon zai zauna ba. Makirfonka lafiyarsa ƙalau, aikin da aka ƙera shi dominsa yake yi. Kwandensa yana da kaifin ji ƙwarai, shi ya sa yake ɗaukar muryarka tare da abin da bangon siminti, gilashin taga da daɓen tayil suka dawo masa da shi bayan ɗan ƙaramin lokaci. Idan ka sayo wanda ya fi shi tsada, ɗakin ne za ka ƙara ji da kyau.

Kiret ɗin ƙwai kuwa sauke shi yau. Kwali ne siriri marar nauyi, ɗan abin da yake iya shanyewa bai taka kara ya karya ba, ba ya hana ƙarar waje shigowa, sannan yana saurin kama wuta. Abin da ke shanye sauti shi ne abu mai kauri da laushi wanda iska ke iya ratsawa: bargo mai nauyi, labule mai ninki, katifa, kafet, ko kabad cike da tufafi a buɗe. Yawancin irin wannan makirfo gabansa yake ji, bayansa kuwa kaɗan ne, saboda haka wurin da ya fi buƙatar bargon shi ne bayan mai rera waƙar, inda makirfon ke fuskanta. Mutane da yawa suna rataye shi a bayan makirfo su bar bango tsirara a bayansu, sai su yi mamakin rashin sauyi.

Bayan haka ka matso. Bar tazarar santimita 15 zuwa 20 tsakanin bakinka da makirfo, da rariyar tare iska a tsakani. Duk lokacin da ka rage tazarar da rabi, ƙarfin muryarka yana ƙaruwa da kusan desibel 6, alhali amsa-kuwwar ɗakin tana nan yadda take. Kada ka tsaya a kusurwa ko a tsakiyar ɗaki cif, kuma ka kashe fanka na mintunan da za ka yi kana ɗauka, zufa ba ta shiga faifai. Kada ka dogara da cewa manhaja za ta goge amsa-kuwwa daga baya, domin duk abin da ta cire sai ta ɗebi wani abu daga muryar. Idan ka yi duk wannan ɗakin ya ƙi, to makirfo dainamik irin Shure SM58, wanda ake waƙa da shi daf da baki, zai fi yi maka amfani.

Tambaya: Idan ina waƙa ina sauraron kaina, sai muryata ta makara kafin ta iso kunnena. Da abin sauraro na Bluetooth nake amfani.

Amsa: Malama, ai kin amsa wa kanki. Bluetooth yana jawo jinkirin da kan wuce milisakan 100, koma ga mai waya wanda ke rufe kunne ruf. Sannan ki zaɓi direban ASIO (ƙaramar manhajar da ke rage jinkirin sauti a Windows) na akwatin shigar da sautinki, wato na'urar da ke haɗa makirfo da kwamfuta, ki saukar da bafa, wato yawan sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta sarrafa shi, zuwa 128 lokacin ɗauka, ki mayar da ita 512 ko sama lokacin tace waƙar.

Tambaya: Na haɗa makirfo kwandensa da akwatin shigar da sauti na Focusrite Scarlett ta wayar makirfo ta XLR, amma shiru.

Amsa: Rage ƙarar lasifika tukuna, sannan ka danna maɓallin da ke jikin akwatin wanda aka rubuta 48V a kansa. Kwandensa ba ya aiki sai da wannan wuta.

Tambaya: Wani aboki ya ce zai tura mini tarin manhajojin gyaran murya da aka fasa makullinsu. In karɓa?

Amsa: A'a. Haƙƙin masu su ne, kuma irin waɗannan fayiloli sanannun hanyoyi ne na shigo da ƙwayoyin cutar da ke sace kalmomin sirri. Kayan gyaran murya da suka zo tare da manhajarka sun isa su kammala waƙa, kuma ina da yaƙinin ba ka gama koyon rabinsu ba.