Daga aikin ofis zuwa gyaran kwamfuta

Ɗan'uwa, ka ce ka daɗe kana aikin ofis, kana tambaya ko lokaci ya ƙure maka ka koma gyaran kwamfuta. Bai ƙure ba, amma kada ka ajiye aikinka tukuna.

Samu tsohuwar kwamfuta ka kwance ta, ka mayar, ka sake kwancewa. Ka koyi canza RAM (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) da ma'ajiyar bayanai ta dindindin, da ɗora Windows daga filas, har hannunka ya faɗa. Sau da yawa ma idan kwamfuta ta samu matsala, matsalar manhaja ce. Idan kana son takardar shaida, akwai CompTIA A+, shaidar ƙwarewa a gyaran kwamfuta; jarrabawa biyu ce.

Haƙurin sauraron mutane da ka koya a ofis zai yi maka rana sosai. A ranakun hutu, riƙa zama wurin mai gyara kana kama masa aiki.