Me Ya Sa Duwatsun Gilashina Ke Fashewa Bayan Sun Huce?

Tambaya: Malam, wata shida ke nan ina narka fasassun kwalabe da wutar gas ina yin duwatsun ado. Idan launi ɗaya ne ba matsala, amma da na haɗa koriyar kwalba da shuɗiya sai in wayi gari dutsen ya rabe biyu. Ina so in yi abin da ba a saba gani ba, ba jigida kawai ba. Ina kuskuren yake?

Amsa: 'Yar'uwa, sannu da ƙoƙari. Hannunki ba shi da laifi. Kwalaben ne ba sa jituwa, sannan kina barin dutsen ya huce da gaggawa.

Kowane gilashi yana buɗewa idan ya ji zafi, ya tsuke idan ya huce, amma kowanne da gwargwadonsa. Masu wannan sana'a suna da lambar da suke auna haka. Sandunan gilashi masu taushi na kamfanin Effetre da ke Murano a Italiya lambarsu 104, na Bullseye a Amurka 90, shi kuwa gilashi mai tauri irin na ɗakin gwaje-gwaje 33 ne. In kin narka biyu masu lamba daban, cikin wuta za su manne lafiya lau kamar ba komai. Da sanyi ya fara shiga, ɗaya ya tsuke fiye da ɗan'uwansa, sai su yi ta jan juna daga ciki har wani ya saki. Wani lokaci a daren nan za ki ji ƙas! Wani lokaci sai bayan mako biyu, yana wuyan wadda ta saya. Kwalba kuwa ba a rubuta mata lamba, kuma kowace masana'anta da irin haɗinta. Shi ya sa nake cewa masu koyo: kwalba ɗaya, dutse ɗaya. In launi kike so a kai, ki barbaɗa garin gilashi kaɗan a sama kawai, kada ya shiga jikin dutsen da yawa.

Sai maganar hucewa. Saman dutse yana riga cikinsa sanyi, wannan ma na barin jan juna a ciki ko da gilashin iri ɗaya ne. Maganinsa tanderu: dutse ya fita daga wuta ya shiga zafin da ya kai kimanin digiri 510 a ma'aunin Salshiyos in gilashi mai taushi ne irin na Effetre, ya zauna kamar rabin awa, sannan a riƙa rage zafin a hankali cikin awanni. In ba ki da tanderu tukuna, ki binne ƙananan duwatsu cikin toka mai ɗumi. Zai rage asara, amma ban yarda ki sayar da manya a haka ba.

Abin da kike yi yana da asali. Turawa suna ce masa aikin fitila, don da can fitilar mai ake hura wa iska da zugazugi har harshen wutar ya yi ƙarfin narka gilashi. A 1291 hukumar birnin Banis na Italiya ta kwashe masu gilashinta zuwa tsibirin Murano, garin ya yi suna har yau. Mu ma a nan kusa, in kin samu hali ki je unguwar Masaga a Bida. Ki tsaya ki kalli yadda suke naɗa narkakkiyar kwalba a sandar ƙarfe a bakin tanderun yumɓu, hannu bai daina juyawa ko na ƙiftawar ido. Wannan juyin shi ne rabin sana'ar.

Yanzu ga abin da ya fi faranta mini rai a wasiƙarki, wato son sabon abu. In kin samu sandunan 104, ɗora ɗigon shuɗi mai sirkin kore a kan launin hauren giwa. Za ki ga wani siririn baƙin layi ya kewaye ɗigon kamar an zana da tozali, alhali ba ki sa baƙi ba. Farar wutar da ke cikin hauren ce ta haɗu da jan ƙarfen da ke cikin shuɗin. Ki gwada naɗa takardar azurfa a kan hauren ki ƙona ta, saman zai fito da zane-zane kamar tsohon dutsen da aka tono daga ƙasa. Ni ranar da na fara ganin wannan na daɗe riƙe da sandar ina kallo.

Sai dai ki ajiye littafi. Kowane gwaji ki rubuta launukan, da wanda ke ƙasa da wanda ke sama, da yadda kika saita wutar, ki ɗaura wa dutsen lamba da zare. Wanda ya fashe ma kada ki zubar: tsagewa miƙaƙƙiya da ta bi ramin tsakiyar dutsen yawanci sanyi ne ya buge shi, mai rassa a mahaɗar launuka kuwa rashin jituwa ne.

Ki sa tabarau mai tace hasken nan rawaya da gilashi ke fitarwa cikin wuta, ki yi aiki inda iska ke fita, musamman ranar da za ki taɓa azurfa ko garin gilashi.