Gurfana, Tuhuma da Cin Hanci: Amsar Tambayoyinku

Wani ɗalibi daga Ƙofar Marusa a Katsina ya rubuto yana cewa: "Malam, na ji a rediyo an ce hukumar EFCC, mai yaƙi da masu yi wa tattalin arziki zagon ƙasa, ta gurfanar da wani jami'i a Babbar Kotun Tarayya, amma a hoton da na gani a tsaye yake. To ina gurfanen?"

Ka yi lura, ɗana. Gurfana ita ce durƙusawa a kan gwiwa, kamar yadda raƙumi ke yi in za a ɗora masa kaya. A da, wanda aka kai ƙara gaban alƙali ko fadar sarki sai ya tuɓe takalmi ya gurfana kafin ya buɗe baki, kuma har gobe haka ake gaisuwa a fadar Daura. Kotun zamani ta zo da akwatin da mutum ke tsayawa a ciki a karanta masa laifin da ake tuhumarsa da shi, ya amsa ko ya musanta. Durƙuson ya tafi, kalmar ta zauna.

Gurfanarwa kuma ba hukunci ba ce. Zargi kowa na iya yi a bakin kasuwa. Tuhuma, wadda muka aro daga Larabci, ita ce zargin da aka rubuta aka kai gaban alƙali. Sashe na 36(5) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce mutum ba shi da laifi har sai an tabbatar. Shi ya sa ake cewa shari'a mace ce da ciki, ba a san abin da za ta haifa ba.

Wata malamar makaranta daga Daura ta tambayi bambancin cin hanci, rashawa da almundahana.

Malama, kin taɓo abin da ya daɗe yana damuna. Rashawa Larabci ce, daga "rishwa", kuma a hadisi an la'anci mai bayarwa da mai karɓa. Cin hanci ita ce takwararta ta gida, 'yar'uwar cin amana da cin zarafi, inda "ci" ya bar kwanon tuwo ya koma kan haƙƙin mutane. Akwai kuma toshiyar baki, abin da ake bai wa wanda ya gani don ya yi shiru. Dukkansu sai da mutum biyu: hannu ya miƙa, hannu ya karɓa. Karin maganar da ta fi fito da cinikin ita ce "kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski". Jami'in da ya karɓi kuɗin ɗan kwangila ya riga ya sayar da sa hannunsa, ko da ginin ajin ya tsage kafin damina ta fita. In baki ya ci, ido ya ji kunya.

Amma wanda ya kwashe kuɗin ƙaramar hukuma ya tura asusunsa, wa ya ba shi hanci? Babu. Wannan almundahana ce, sama da faɗi, wawurar baitulmali. Tun da aka kafa ICPC, hukumar yaƙi da cin hanci, a 2000 da EFCC a 2003, 'yan jarida suka saba da haɗa komai cikin "cin hanci da rashawa", ni kuwa ina ganin jimlar ta yi wa satar laushi. Yaron da ya kwance akuya a Mashi ɓarawo muke kiransa kai tsaye. Wanda kotu ta tabbatar ya cinye kuɗin maganin asibiti sai mu ce "an same shi da karkatar da kuɗaɗe", kamar ruwa ne ya sauya hanya. In alƙali ya yanke hukunci, a kira abin da sunansa, sata.

Ga mai tambayar ma'anar "ɗage shari'a" kuma: ɗage zaman kotu ne daga rana zuwa wata rana, ba sallama ba. Ƙarar tana nan, wanda aka ba beli zai dawo ranar da aka sa, in ya ƙi zuwa a nemi wanda ya tsaya masa.