Da wace sarewa zan fara koyon kiɗan Ailan da Sikotlan?

Ɗan'uwa, ka ce za ka shiga ajin kiɗan gargajiyar Ailan da Sikotlan, kana tambayar ko ka fara da babbar sarewar katako ko da ƙaramar ta ƙarfe, wadda suke kira tin wisil.

Fara da ƙaramar, mai muryar D, wato wadda sautinta mafi ƙasa shi ne wanda makaɗa ke kira D. Ramukanta shida ne, tana da araha, kuma da ka hura za ta yi sauti. Ta katakon kuwa, sai ka yi makonni kana gyara leɓe kafin sauti ya fito tas. Abin daɗin shi ne ɗora yatsu iri ɗaya ne a dukansu, don haka abin da ka koya ba zai tafi a banza ba.

Amma abin da na fi so ka riƙe shi ne kunne. Yawancin malaman wannan kiɗa ba da takarda suke koyarwa ba: malami ya busa gaɓa ɗaya, ɗalibai su maimaita, har ta zauna. Ka roƙi izini ka naɗi muryar busarsa a waya, ka riƙa saurara kullum. Fara da jig, wani salon kiɗan rawa mai bugun 6/8 (ana ƙirga shi uku-uku sau biyu), a hankali, kafin ka taɓa ril, wani salon mai gudu. Kwalliyar yatsu, wato ƙananan sautukan ado da ake ƙarawa a cikin kiɗa, ta jira tukuna. Gaggawar koyonta ce ke lalata wa sababbi bugu. Sitiratsife, wani salon kiɗan rawa na Sikotlan, shi ma ka bar shi sai hannunka ya faɗa.

In kana neman aji, duba Comhaltas, ƙungiyar raya kiɗan gargajiyar Ailan, wadda aka kafa a garin Mullingar na Ailan a 1951. Tana da rassa har a Ingila da Amurka.