Aikin yi da abin da ke kashe mutane a yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru

Malam, ka tambaya me ya sa alƙaluman rashin aiki ke fita kaɗan alhali samari na zaune a Marwa, kuma wace cuta ce ta fi kisa.

A ƙidaya, duk wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako an sa shi cikin masu aiki, ko da acaɓa ne ko tallan albasa. Ainihin damuwar ƙarancin samu ce. Audugar kamfanin SODECOTON da shinkafar kamfanin SEMRY a Yagwa aiki ne mai lokaci, rikicin Boko Haram kuma ya raba manoman Mayo-Sava da Mayo-Tsanaga da gonakinsu.

Batun mutuwa ya fi wuyar ƙirga, domin da yawa a gida ake rasuwa, a binne a ranar, ba a kai rahoto ofishin magajin gari. A asibiti, zazzaɓin sauro ne ke cin yara da damina, ga tamowa da gudawa, kwalara bayan ambaliyar kogin Logone, sanƙarau da rani.

Maganin rigakafin zazzaɓin sauro da ake raba wa yara masu wata 3 zuwa 59 na kwana uku ne kowane wata a lokacin damina. Inda ake kuskure shi ne barin na kwana biyu na ƙarshe.