Ba kwaɗayin rawani ba ne, ɗana

Ɗana, saƙonka ya iso ni, na gode da zumunci. Tambaya biyu ka yi: me ya kai Hausawan Sudan neman sarauta a ƙasar mutane har aka zubar da jini, kuma in ba a son mu, me ya hana mu tattara komatsanmu mu dawo gida? Da na karanta "ƙasar mutane" sai na yi murmushi, don abin da masu korar mu ke faɗa ke nan. Ban ji haushi ba. Daga Sakkwato haka abin zai yi maka kama.

Kakana da kakan babanka ciki ɗaya suka fito. Naka ya tsaya, nawa ya bi hijira. Bayan da aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a gabas, suka sauka a bakin kogin Nil Azraƙ kusa da Sinnar, a garin da har gobe ake kira Mayurno. Wasu sun riga su zuwa ta hanyar hajji a ƙafa, ta Borno da Wadai da Darfur har Sawakin. Guzuri ya ƙare, a tsaya noma damina biyu, sai aure, sai 'ya'ya, shi ke nan an zauna. Da Turawa suka gama madatsar Sinnar a 1925 suka buɗe gonakin audugar Jazira, mutanenmu na cikin waɗanda suka tsinci audugar. Sai dai hawasha, wato gonar da ake yanka wa manomi, galibi wasu aka ba. Ma'aikata kuwa aka zube su a kambo, bukkoki a bakin magudanar ruwa. Jikokinsu, tare da 'yan Darfur, na nan a waɗannan kambo, da ake kira kanabi, har yau, da yawa ba ruwan famfo, ba makaranta, ba takardar fili.

A nan duk wanda kakansa ya fito daga yamma, Bahaushe ne ko Bafulatani ko Babarbare, Fallata ne ko Takari. Sunan ba zagi ba ne a asalinsa, amma ya danganta da bakin da ya fito.

Inda gizo ke saƙar shi ne jinsiyya, takardar zama ɗan ƙasa. Dokar 1957 cewa ta yi sai ka nuna kakanninka na ƙasar tun ƙarshen 1897, kafin Turawa su ci ta. Duba lissafin, mutanen Mai Wurno sun makara da 'yan shekaru kaɗan. Daga baya an sassauta shekarar, amma ba a sassauta zukatan masu riƙe da hatimi ba. Ni da aka haifa a nan, aka haifi babana a nan, na je neman takardata, jami'in ya tambayi ƙabilata, na ce Hausa, sai ya ajiye alƙalami. Ya ce in kawo dangin uba su yi shaida, na kawo. Ya ce in kawo takardar umda, wato dagaci. Wata bakwai ina safa da marwa. Abokin karatuna da muka je tare, a sati ɗaya ya karɓi tasa. Ba jinsiyya, ba jami'a, ba aikin gwamnati, ba fasfo, har hajjin da ya fito da kakanninmu ya gagara.

Ka lura da maganar takardar umda, don nan amsar tambayarka take. A karkarar Sudan akwai abin da ake kira idara ahliyya, mulkin gargajiya na nazir da umda da shaihu. Su ke raba gona, su ke sasanta manomi da makiyayi, su ke shaidar cewa wane ɗan wane ne. Ƙabilar da ke da dar, wato ƙasa tata, ita ke da nazir. Wadda ba ta da shi a ƙarƙashin wani take, ko ta shekara ɗari tana noman wurin. To da Hausawan Nil Azraƙ suka nemi a ba su imara tasu, ba algaita da jan kilishi suke nema ba. Wanda zai sa musu hannu suke nema. Sarakunan ƙabilun yankin kuwa, Funj da Hamaj da Barta, suka ji kamar ana cewa a yanka wa baƙo ƙasa, suka ƙi.

A Yulin 2022 wuta ta tashi a Gaisan da Rusairis da kewaye, aka kashe sama da mutum 100, dubbai suka gudu Damazin da Sinnar. Hausawa suka fito zanga-zanga a Kasala da Gadarif da Hartum da Bur Sudan. A Oktoba aka sake a Wad al-Mahi, wannan karon mamatan sun haura 200.

Ba zan ce maka hannunmu fes yake ba. Samarinmu ma sun kashe, sun ƙona. Waɗancan mutanen kuma talakawa ne irinmu, an daɗe ana danne su, manyan gonakin injina sun cinye dajinsu, ƙarin tsawon madatsar Rusairis da aka gama a 2013 ya tashi ƙauyuka. Mai jin yunwa ne aka haɗa da mai jin yunwa a kan akushi ɗaya, 'yan siyasa na gefe suna ƙirga ƙuri'a. Kai ma ka san irinta. Tambayi Bahaushen Jos yadda ake samun takardar ɗan asalin jiha.

Game da dawowa gida, wane gidan? A gidana Hausa muke yi, amma in ka ji ta za ka yi dariya, rabinta Larabci ne. Jikokina ba su san hanyar Wurno ba. Kaburburan iyayena a nan suke. Agashen da ɗan Hartum ke layi ya saya da yamma tsirenmu ne. Mace ta farko da ta rera waƙa a rediyon Umdurman, A'isha Fallatiya, tamu ce. Mu ke kamun kifi a kogi, mu ke noman riɗi da dawa a Gadarif. In na sauka a Kano gobe, ɗan Sudan za ku kira ni, ba kuwa ku yi ƙarya ba.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 maganar imara ta kwanta, kowa ta kansa yake yi. Abin da ya fi damun mu yanzu shingayen hanya ne, inda ake tsayar da mutum a nemi lambarsa ta ƙasa, a duba fuskarsa, a saurari harshensa. Shi ya sa na matsa sai da kowane jikana ya samu tasa, har jaririyar da aka haifa bara.

Ka gaida babanka, ka ce masa baffanka na Damazin na nan da rai. Hoton gidan kaka da ya yi mini alkawari har yanzu ban gani ba.