Me ya sa har yanzu ake kewar Highbury?

Tambaya: Ni ɗan Arsenal ne, a gidan kallo nake bin wasanninsu. Abin da ke ɗaure min kai shi ne yadda tsofaffin magoya baya a Landan ke ta kewar tsohon filin wasansu, Highbury, alhali sabon, Emirates, ya fi shi girma da kyau. Ba ƙungiya ɗaya ba ce?

Amsa: Ƙungiya ɗaya ce, malam, amma kai da su ba abu ɗaya kuke gani ba. Kai talabijin na nuna maka ciyawa da 'yan wasa. Shi kuwa wanda mahaifinsa ya riƙo hannunsa ya kai shi Highbury tun yana ƙarami, ƙwallo a wurinsa ta haɗa da lungun da yake bi daga tashar jirgi, da mutumin da ke zama a gefensa shekara ashirin, sun san ihun juna ko da ba su san gidan juna ba. Ranar da aka tashi, aka raba kujeru sabo, wannan zaman ya watse.

Arsenal ta yi shekara 93 a Highbury, daga 1913 zuwa 2006. Filin na cin mutum kusan 38,000, Emirates kuwa kusan 60,000, don haka lissafin kuɗi ne ya tashe su. A wasan ƙarshe, ranar 7 ga Mayu 2006, sun ci Wigan 4-2, Thierry Henry ya zura uku, ya durƙusa ya sumbaci ciyawar. Yau wurin gidajen kwana ne, filin wasan ya zama lambu.

Kuma fa nasu da sauƙi, don tsakanin filayen biyu tafiyar 'yan mintuna ce a ƙafa. Duk da haka sai da hukumar ƙungiyar ta yi lallashi: a 2010 ta maido da sunayen North Bank da Clock End, wato ɓangarorin zaman 'yan kallo na Highbury, ta kafa agogo irin na tsohon filin.

West Ham ce ta ji jiki. Ta bar filinta na Upton Park a 2016 ta koma filin gasar Olympics a Stratford, wanda don tsere aka gina shi, 'yan kallo can nesa da layi. A Maris 2018, a wasa da Burnley, fushi ya sa wasu magoya baya suka kutsa cikin fili. Ƙungiyar Wimbledon kuwa da aka amince a kwashe ta daga Landan zuwa garin Milton Keynes, mutanenta cewa suka yi a sauka lafiya, suka kafa AFC Wimbledon a 2002 daga can ƙasan rukuni, kuma a 2020 suka koma sabon fili a Plough Lane, titin da tsohon filinsu yake a da.

Kafin ka shiga musu a gidan kallo, riƙe wannan: ita kanta Highbury masauki ce. Daga Woolwich, kudu da kogin Thames, Arsenal ta taso a 1913, shi ya sa har gobe 'yan Tottenham ke yi musu gorin baƙunta a arewacin Landan.